Da Me Za a Toshe Gurbin Ƙoƙon Kai? Abin Dubawa Kafin a Sayar da Gona

Idan mutum ya faɗo daga kan babur a hanyar Dutsinma ko ta Jibiya, kansa ya daki kwalta, ƙwaƙwalwa ta kumbura, wani lokaci babu abin da zai ceci ransa, bayan ikon Allah, sai likita ya yanke wani ɓangare na ƙoƙon kan ya ɗauke shi ɗungurungum. Ƙoƙon kai rufe yake ruf, ba ya ba da wuri. In ƙwaƙwalwa ta kumbura a ciki, matse kanta take yi har jini ya kasa ratsa ta. Shi ya sa ake buɗe mata hanya, kuma ba ɗan kaɗan ake cirewa ba: a babban mutum yakan kai santimita 12 a faɗi, 15 a tsawo, sannan a ɗinke fata kawai a kai. Haka ake yi wa wasu masu shanyewar ɓarin jiki, da wanda sara ko harsashi ya farfasa wa ƙashi, da wanda ƙari ko ƙwayoyin cuta suka cinye masa shi. Duk wanda aka sallama a haka, da sauran aiki na biyu a gabansa, na toshe wannan gurbin.

Ni ma'aikacin jinya ne, kuma yawancin aikina a ɗakin tiyata na yi shi, ina miƙa wa likitocin ƙwaƙwalwa kayan aiki. Tun da na dawo gida Ƙofar Marusa, mutane kan same ni bayan sallar Isha'i da ƙaton ambulan na hoton kai a hammata, tambayar kuma kusan ɗaya ce: "Malam, wani ya ce mana ƙarfe, wani ya ce roba, wani ya ce siminti. Wanne ya fi?" Zaɓin na likitan da zai yi aikin ne, shi ya ga abin da ke ciki. Amma duk waɗannan abubuwan na riƙe su da hannuna, na ga wanda ya shiga ya zauna lafiya, na ga wanda aka dawo aka ciro. Abin da ke ƙona mini rai shi ne in ga iyali sun sayar da gona ko shanun huɗa don su sayi mafi tsada, alhali abin da zai sa aikin ya zauna ko ya lalace wani abu ne daban da ba su ko tambaya ba.

Fara da neman ƙashin da aka cire

Kafin maganar sayen komai, ku tambaya: ina ƙashinsa? Iyalai da yawa ba su sani ba, don a daren da aka yi aikin farko hankalin kowa na kan rai ne. Ɗaga rigar marar lafiyar ka duba cikinsa. In ka ga tabon ɗinki a gefe, ka shafa ka ji wani abu mai tauri da faɗi a ƙarƙashin fata, to ƙashin kansa ne aka ajiye masa a nan. Dabara ce sananniya, kuma ta dace da yanayinmu, domin ba ruwanta da wutar Nefa ko man janareta, kuma duk asibitin da ya tafi yana ɗauke da kayansa. Illarta ita ce an ƙara masa ciwo na biyu a ciki, kuma in ƙashin ya daɗe a wurin jiki yakan riƙa lasar sa, ya rage girma.

Hanya ta biyu ita ce firiza. Firizar asibiti ta musamman ake nufi, wadda sanyinta ke kai wa digiri 80 ƙasa da sifili, ba irin ta masu sayar da ƙanƙara ba. In an ce muku a nan yake, ku tambaya cikin ladabi ko firizar tana da wutar da ba ta yankewa, kuma ko za a gwada ƙashin a ga babu ƙwayoyin cuta kafin a mayar. Likitan kirki ba zai ji haushin wannan tambayar ba.

Wani lokaci kuma an yar da shi, kuma da dalili. Ƙashin da ya rududduge, ko ƙasa da gashi suka shiga ciwon, ko ƙari ya ci shi, mayar da shi ganganci ne. Ko ma mene ne aka yi, ku nemi rahoton tiyatar farko a rubuce. Wannan takardar ita ce abu na farko da likita na gaba zai nema, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina kuka fara, ko an tura ku Asibitin Malam Aminu Kano, ko Shika, ko cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da ke Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Zaman jira

Ba a mayar da ƙashi sai kumburi ya saɓe, ciwo ya warke sarai. Yawanci wajen wata 3 ne, wasu likitocin kan yi kafin haka in komai ya yi kyau. In kuwa wurin ya taɓa yin mugunya, jiran yakan kai wata 6 zuwa shekara, kuma kada ku matsa wa likita ya gajarta shi.

A wannan tsakanin, fata ce kaɗai da ɗan tantani tsakanin ƙwaƙwalwa da duniya. Za ku ga wurin yana bugawa tare da zuciya, yana ɗan tasowa in ya yi tari ko ya kwanta, ya lotsa in ya miƙe. Wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro faɗuwa ce. Ya riƙa sa hular kwano in zai fita ko zai shiga banɗaki, kada ya hau babur, kada ya kwanta a kan wannan ɓarin, a kuma ja kunnen yaran gida. Kada a bar mai ɗori ya danna wurin, kada a yi ƙaho ko tsaga a kai, kada a shafa wani haɗin da ba a san shi ba. Duk ƙaramin ciwon da aka ji wa wannan fatar, a aiki na biyu za a biya shi.

Akwai wani abu da nake so ku lura da shi. Wani marar lafiyar zai fara samun sauƙi, yana magana, yana takawa, sai bayan makonni ya soma ja da baya: ciwon kai, jiri, kasala, hannu ya ƙara nauyi, magana ta ragu, wurin kuma ya zurma sosai. In ya kwanta sai ya ɗan warware, in ya tashi zaune abin ya dawo. A gida akan ce iska ce ko sammu. Nauyin iskar duniya ne ke danna fatar a kan ƙwaƙwalwa, tunda babu ƙashin da zai tare. Likitoci sun san wannan sosai, kuma sau da yawa toshe gurbin ne maganinsa. In kun ga haka, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku koma asibiti.

Fatar da za ta rufe shi

A nan gizo ke saƙar. Duk abin da aka sa, ko na miliyan nawa ne, fatar kai ce za ta rufe shi har ƙarshen rayuwa. Ku samu wuri mai haske ku duba tabon da kyau. Fata mai kauri, mai gashi, wadda in ka ɗan motsa ta da yatsa take zamewa, ita ake so. In ta yi siriri tana sheƙi, gashi ya zube a wurin, ko akwai ɓawon da ya ƙi faɗuwa, ko wani ɗan wuri da ke tsattsafo da ruwa, ku nuna wa likita da yatsa. Irin wannan fatar wani lokaci sai an fara gyara ta, a juyo lafiyayya daga gefe, shi ya sa za ku ga an gayyato likitan gyaran fata cikin aikin. Mai ciwon suga ya daidaita sugansa tukuna. Mai shan sigari ya ajiye ta, don tana hana jini isa bakin ɗinki. Wanda ya rame a jinya a ciyar da shi ƙwai, wake, kifi, nono, ya mayar da jiki kafin a shiga da shi.

Sai wurin da gurbin yake. Ɗan ƙaramin rami a ƙeya ko ƙarƙashin tsoka mai kauri, likita na iya cewa a bar shi haka, kuma gaskiyarsa ne. Gefen kai mai ɗan shafe ya fi sauƙin gyara. Goshi da saman ido su ne masu wuya, don kowa na kallon su, ɗan karkacewa kaɗan sai ta fito. Ƙari ga haka, a bayan ƙashin goshi akwai kogon iska da ke haɗe da hanci. In karayar ta taɓa shi, ƙwayoyin cuta na da ƙofar shiga, dole a toshe ta da kyau kafin a ɗora komai.

Abubuwan da ake sawa

Ƙashin mutum na kansa shi ne zaɓin farko in yana nan lafiya. Daidai wurin yake, tunda daga nan ya fito, jiki ba ya ƙin sa, ba a sayen sa, sai dai kuɗin ƙananan faranti da kusoshin da za a ɗaure shi. Matsalarsa ita ce narkewa. Ƙashin da aka raba da jini ya mutu, in aka mayar da shi jiki ne zai riƙa rushe tsohon yana gina sabo a hankali. In rushewar ta fi ginin sauri, sai ya yi ta sirancewa. Bayan watanni, ko shekara ɗaya zuwa biyu, za ka shafa ka ji bakin ya buɗe, ko ƙashin yana motsi, ko wani wuri ya lotsa. An fi ganin haka a yara da matasa, da ƙashin da ya rabu gida-gida, da ƙashin da yake da faɗi sosai, da wanda aka sa wa siririyar robar da ke kwashe ruwan ƙwaƙwalwa zuwa ciki. Duk da haka, a wurina, dattijon da ƙashinsa ya fito guda cur kuma aka adana shi da kyau, ban ga dalilin da zai sa a bar nasa a je sayen wani ba.

Simintin ƙashi, wanda likitoci ke kira PMMA, shi ne na fi sani, kuma shi ne aljihun talaka ya fi iya ɗauka. Dangin robar da ake yin haƙoran roba da ita ne, kuma tun shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ake toshe ƙoƙon kai da shi. Yakan zo kashi biyu: farin gari a leda, da ruwa a ƙaramar kwalba. Da ka fasa kwalbar wari mai kaifi zai cika ɗakin, ko ta cikin takunkumi sai ka ji shi a maƙogwaro. Sai in juye su a kwano in yi ta juyawa. Da farko ruwa-ruwa ne, yana bin cokali, can sai ya yi kauri kamar curin fura, ya daina manne wa safar hannu. Daga wannan lokacin likita 'yan mintoci gare shi. Zai shimfiɗa jiƙaƙƙiyar auduga a kan tantanin ƙwaƙwalwa, ya baje simintin a kai, yana lallaɓa shi da yatsu yana leƙen ɗaya ɓarin kan don su yi daidai. Yayin da yake daskarewa zafi yake fitarwa, zafin da kan haura digiri 70, wanda ya isa ya ƙona ƙwaƙwalwa. Aikina a nan shi ne in tsaya da babban sirinji ina kwarara ruwan gishiri mai sanyi babu tsayawa, ko kuma likita ya ɗauke shi ya ƙarasa daskarewa a kan tebur. Cikin minti 10 zuwa 15 ya zama dutse. Sai a goge bakinsa, a huda masa ƙananan ramuka don ruwa kada ya taru a ƙasa, a ɗaure.

Kun ga ke nan kyan aikin siminti a hannun mai yin sa yake. A gurbi matsakaici a gefen kai, gwani zai yi shi har ka kasa ganewa. A ƙaton gurbi ko goshi, hannu kaɗai ba ya cika fitar da siffar. Yanzu akwai dabarar da ta rage wannan matsalar: a ɗauki hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin kai yanka-yanka, kwamfuta ta kwaikwayi lafiyayyen ɓarin kan, injin da ke buga abu da siffarsa ya fitar da mazubi, a zuba simintin a ciki. Yana fitowa daidai, zafin ma a waje yake ƙarewa, kuɗin kuma bai kama ƙafar na wanda ake odarsa daga waje ba. Ku tambaya ko ana yin haka a inda kuke. Siminti ba shi da nauyi, ba ya ɗaukar zafi ko sanyi, ba ya ɓata hoto, ana kuma iya gauraya shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su jentamaisin. Amma ba ya haɗewa da ƙashi, bugu mai ƙarfi na iya tsaga shi, kuma in ƙwayoyin cuta suka manne masa, allura ba ta cika fitar da su ba.

Titaniyam shi ne abin da mutane ke nufi in sun ce "an sa masa ƙarfe". Tun 1965 aka fara amfani da shi a wannan aikin. Yana zuwa a matsayin raga, siririya, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, likita ya yanka da almakashi ya lanƙwasa, ko kuma faranti da aka ƙera daidai kan mutum. Yana da ƙarfi, ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, aikin sa shi yana da sauri, kuma maganaɗisu ba ya jan sa, don haka mai shi zai iya shiga injin MRI. Wasu kan yi kukan cewa wurin na yi musu zafi a ranar Afrilu ta Katsina, ko ya yi tsami da sanyin hunturu, tunda ƙarfe ne. Yana kuma ɗan ɓata hoton abin da ke ƙarƙashinsa, wanda matsala ce ga mai ƙari da za a riƙa bibiya.

Babban abin da nake tsoro a titaniyam shi ne ya huda fata. Na taɓa karɓar wani magidanci da ya shekara da raga lafiya lau. Fatarsa dama siririya ce, ga shi yana son hula mai kama kai, bakin hular kuma daidai kan tabon yake zama. Wurin ya fara ja, ya yi sheƙi, ya yi ɗan baƙin ɗigo, ɗigon ya buɗe. Da na ɗaga hular, ina ganin ramukan ragar, toka-toka, ta cikin fatar. Ba ya jin zafi, shi ya sa ya yi ta rufe abin da hula yana shafa man zafi. Sai da aka ciro ragar gaba ɗaya, ya koma zaman jira da buɗaɗɗen kai. Da ya zo tun wurin yana ja, da wataƙila gyaran fata kaɗai za a yi.

PEEK roba ce ta musamman mai ƙarfin gaske, wadda aka fara sa wa a kai bayan shekarar 2000. Ba a kwaɓa ta a ɗakin tiyata. Hoton CT ake aika wa kamfani, su sassaƙo ta daidai gurbin, in ta iso sai ka ga ta faɗa wurin ɗaram. Ba ta ɗaukar zafi, ba ta ɓata hoto ko kaɗan, kuma a ƙaton gurbi ko wanda ya haɗa da goshi da kwarmin ido, siffar da take bayarwa abin sha'awa ce. Sai dai da dala ake sayen ta, dubban daloli, ga jiran makonni kafin ta iso. Kuma duk tsadarta, ita ma ba ta haɗewa da ƙashi, ruwa kan taru a ƙarƙashinta, in ƙwayoyin cuta suka kama ta ciro ta za a yi kamar yadda za a ciro siminti. Wannan ne nake so mai shirin sayar da gona ya ji da kyau.

Akwai kuma haidiroksi-afatait, sinadarin da shi ne asalin taurin ƙashi da haƙori. Yana da ƙananan ƙofofi da ƙashin mutum ke tsirowa ya shige ciki. Amma yana da gautsi, musamman a watannin farko, yana da tsada, kuma ba kasafai za a yi muku tayinsa a nan ba.

Maganar yara daban ce. Kan yaro girma yake yi, siminti da ƙarfe da roba kuwa ba sa girma. Don haka likitoci sun fi son ƙashin yaron na kansa duk da cewa a yara ya fi narkewa. In na farkon babu, ana iya tsaga ƙashin lafiyayyen ɓarin kai gida biyu a kaurinsa, a mayar da rabi, a toshe gurbi da rabi, ko a ɗebo daga haƙarƙari. In aka ce za a sa wa ɗanku ƙarami ƙarfe ko roba, ku tambayi dalili, da kuma ko za a sake wani aikin in ya girma.

Dattawa kan tambaye ni, cikin jin nauyi, ko ƙashin gawa ne ko na dabba za a sa. Tambaya ce mai tushe, don a da an yi hakan: a wani littafi da aka buga a 1668, wani likita ɗan ƙasar Holan, Job van Meekeren, ya ba da labarin wani mutumin Rasha da aka toshe wa kai da ƙashin kare. Amma siminti da titaniyam da PEEK duk ƙirar masana'anta ne, babu gawa babu dabba a ciki. Baba, hankalinka ya kwanta.

Ranar ganin likita

Ku je ku biyu ko uku, da wanda zai riƙa rubutawa. Ku tafi da rahoton tiyatar farko, da jerin magunguna, da hoton CT. Ku roƙi a ba ku hoton a faifai ko filas, domin baƙar ledar nan da ake ɗagawa a haske ba ta isa a ƙera komai da ita. Wanda za a yi oda da shi sai sabo, mai sirarran yanka na milimita 1 ko ƙasa, don bakin gurbi yana canzawa da lokaci.

Sannan ku yi magana a fili. "Likita, ranka ya daɗe, ga ƙarfinmu. A cikin abin da za mu iya, wanne ka fi sabawa da shi, kuma wanne ya dace da fatarsa?" Abin da hannun likita ya saba da shi yana da nauyi ƙwarai a wannan lissafin. Ku tambaya ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da faranti da kusoshi, da maganin barci, da jini, da gado, da hoton bayan aiki. Ku lissafa kuɗin mota da kwana in Kano ko Sakkwato za a je, da komawa ganin likita. In kuna cikin inshorar lafiya, ta jiha ko ta tarayya, a rubuta muku abin da za ta ɗauka da wanda ba za ta ɗauka ba. Kuɗi kuma a biya a asusun asibiti a karɓi rasit, kada a damƙa wa wani a bakin ƙofa don ya ce ya san hanya.

Shawarar da na fi nanatawa: kada ku zuba duk abin da kuke da shi a kan abin da za a sa. Ku bar wani abu a gefe. Iyalin da suka zaɓi siminti suka rage kuɗin magani da komawa asibiti sun fi kwanciyar hankali a kan waɗanda suka sayi PEEK aljihu ya koma wayam. Masu niyyar zuwa Masar ko Indiya su fara samun likita a nan gida da ya yarda zai ci gaba da duba su in sun dawo.

Kuma kada a sa rai cewa fuska za ta koma sak yadda take. Tsokar taunar da ke tsakanin ido da kunne takan shanye bayan aikin farko, wurin ya ɗan zurma ko da gurbin ya toshu da kyau. Ku tambaya tun farko ko za a iya cike shi.

Bayan an fito

Aikin yakan ɗauki awa 1 zuwa 3. Za ku ga siririyar roba na fitar da jini daga ƙarƙashin fata kwana ɗaya ko biyu, ido na iya kumbura ya rufe, wannan zai saɓe. Zare yakan fita tsakanin kwana 10 da 14. Maganin farfaɗiya, in an ba shi, kada a tsayar don an ga ya samu lafiya, sai likita ya ce.

A kwanakin farko, barcin da ya wuce kima, amai, jijjiga, ciwon kai mai ƙaruwa, ko hannu da ƙafa su sake mutuwa, duk na komawa asibiti ne a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne, don jini na iya taruwa a ƙarƙashin abin da aka sa. Ƙwayoyin cuta kuwa a sannu suke zuwa, wani lokaci bayan watanni: ja, ɗumi, kumburi mai taushi, ruwa ko mugunya a bakin tabo, zazzaɓi. Kada a ruga kemis a sayi kafso. Zai lafar da alamar ne kawai, ciwon na ci a ƙasa, kuma ya ɓata gwajin da za a yi don gane irin ƙwayar.

Wanda aka yi wa a goshi ya tambayi likita yaushe zai fara kai goshi ƙasa a sujada, kafin nan ya yi sallarsa da nuni, addini ya ba marar lafiya wannan sauƙin. Wanzami ya ajiye aska, a rage gashin wurin da almakashi. Mata su bar kitso mai ja a kan tabo, da ɗaurin kallabi mai tsauri, da ɗaukar tulu ko itace a ka. Maza su nemi hula mai sakwa-sakwa. Wanda zai koma kan babur bayan likita ya yarda, da hular kwano zai koma. A samu mutum ɗaya a gidan, mata ko ɗa ko ƙane, da zai riƙa buɗe gashin yana duba tabon a haske duk mako, tunda mai shi ba ya ganin saman kansa.

Kafin a sallame ku, ku roƙi a rubuta muku sunan abin da aka sa, da kamfanin da ya yi shi, da lambarsa, da irin kusoshin da aka ɗaure shi da su. Kwalin yakan zo da 'yar takarda mai manne, a liƙa muku ɗaya a katin asibiti. Ku ɗauki hotonta a waya, ku ajiye ta tare da rahoton tiyata biyun, ku nuna ta duk ranar da za a yi masa hoton MRI ko wani aiki a kai.